Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙofar Bayan Mota da Ta Ƙi Rufuwa Daidai

Ƙofar bayan mota, wadda aka fi sani da ƙofar but, ita ce mafi girma a yawancin motocin jif da ƙananan motocin da bayansu ke buɗewa sama gaba ɗaya da gilashinsa, kuma nauyinta kan kai kilo 30 ko fiye. Duk wannan nauyi yana rataye ne a kan hinji biyu, makulli ɗaya kuma ke riƙe shi a ƙasa, don haka kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya hana ta zama a gurbinta. Amsoshin da ke ƙasa sun bi matsalar daga abin da ba ya buƙatar sifana har zuwa wanda sai an kai wa mai gyaran jikin mota.

Waɗanne sassa ne ke aiki tare kafin ƙofar ta rufu?

Sassa biyar ne. Akwai makullin da ke cikin ƙofar, mai wani haƙori da ke juyawa ya cafke wani lanƙwasasshen ƙarfe da aka ɗaure a jikin motar, wanda za mu riƙa kira ƙarfen kamu. Akwai hinji biyu da ke sama, su ne ke ƙayyade inda ƙofar za ta sauka. Akwai sandunan gas biyu da makanikai ke kira shok ɗin but, masu ɗaga ta su riƙe ta a sama. Akwai doguwar robar da ta zagaye bakin ƙofar, sannan akwai ƙananan robobin tokari a kusurwoyi ko a gefe, waɗanda ƙofar ke zama a kansu. Kowane ɗaya a cikinsu yana iya jawo alama iri ɗaya, wato ƙofa ta ƙi kamawa, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa kan sayi sabon makulli alhali tsohon lafiyarsa ƙalau.

Ina sauke ƙofar sai ta bugi wani abu ta dawo. Me zan fara dubawa?

A fara da abin da ido ke gani: gefen dardumar but da ya hau kan ƙarfen kamu, igiyar jaka, marfin kaya da bai zauna daidai ba, ko ƙaramin dutse da ya faɗa cikin bakin makullin. Idan babu ko ɗaya, sai a ɗaga ƙofar a leƙa makullin. Sau da yawa haƙorinsa ne ya riga ya juya ya kulle kansa tun ƙofar tana buɗe, ta yadda ƙarfen kamu ba shi da hanyar shiga, sai dai ya yi ta dukan haƙorin daga waje. Maganinsa shi ne a danna maɓallin buɗewa ko a ja hannun ƙofar, a lokaci guda kuma a jawo haƙorin waje da sukurudireba har ya koma a buɗe.

Da sukurudireban nan kuma ake gwada lafiyar makullin. A tura jikinsa cikin bakin makullin kamar yadda ƙarfen kamu zai shiga. A motoci da yawa za a ji ƙara sau biyu, na farko rabin kamu, na biyu cikakken kamu. Idan haƙorin ya kama ya riƙe, ya kuma saki da zarar an danna maɓalli, to makullin yana aiki, laifin yana wajen saiti. Idan kuwa yana tafiya da ƙyar, ko ya ƙi tsayawa a inda aka tura shi, to ko dai tsohon giris ne ya haɗu da ƙura ya daskare, ko kuma siririn sifirin ɗin da ke ciki ya karye. Abin da bai kamata a manta ba shi ne a sake buɗe haƙorin bayan gwajin, kafin a sauke ƙofar.

Ƙofar tana rufuwa, amma sai na maka ta da ƙarfi. Wannan matsala ce?

Matsala ce, kuma bugun yana ƙara ta. Kafin a zargi wani ƙarfe, a sauke gilashin ƙofa ɗaya a sake rufe but ɗin a hankali. Idan ya rufu cikin sauƙi, iskar cikin motar ce ke ture shi. Motoci suna da wasu ƙananan tagogin fitar da iska masu murfin roba, galibi a ɓoye a bayan bamba ta baya, kuma idan kaya suka toshe su daga ciki ko laka ta manne murfin, iskar da ƙofar ta tura ba ta samun mafita.

Idan sauke gilashin bai sauya komai ba, sai a duba robobin tokari. Da yawansu suna da zare kamar noti, ana murɗa su da hannu su fito ko su shige, kuma idan sun fito da yawa ƙofar za ta zauna a kansu tun makullin bai kai ga cikakken kamu ba. A mayar da su ciki rabin zagaye, dama da hagu daidai wa daida, a sake gwadawa. Sabuwar robar zagaye ma takan yi tauri na ɗan lokaci kafin ta kwanta, musamman wadda ba ta ainihin kamfanin motar ba ce, domin takan fi ta asali kauri. A irin wannan hali haƙuri na 'yan makonni ya fi sauya saitin da zai zama sako-sako bayan robar ta laushi. Shi kuwa bugu da ƙarfi, a hankali yana cinye robar da ta lulluɓe haƙorin makulli, yana sassauta notina, yana kuma jijjiga fitilu da wayoyin da ke cikin ƙofar.

Ta yaya zan tabbatar cewa ƙofar ta karkace?

Da farko a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri. Idan taya ɗaya tana kan tudu, jikin motar kan ɗan murɗe, kuma babban bakin but ne wurin da murɗewar ta fi bayyana. Akwai motocin da but ɗinsu kan ƙi rufuwa idan an ɗaga gefe ɗaya da jak, ya kuma koma daidai da an sauke. Bayan haka a rufe ƙofar a duba tazarar da ke tsakaninta da jikin motar. A yawancin motoci tazarar tana tsakanin milimita 3 zuwa 5, amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne dama da hagu su zo ɗaya, kuma tazarar kada ta faro da faɗi a sama ta ƙare a matse a ƙasa. A shafa tafin hannu daga jikin motar zuwa ƙofar don a ji ko wani gefe ya fito ko ya nutse, a kuma dubi yadda layin fitilun baya ya haɗu.

Ƙarfen kamu ma yana ba da shaida. Idan gefensa ɗaya ya goge yana ƙyalli, ko robar bakin makullin ta cinye a ɓangare guda, ƙofar tana saukowa ne a karkace, ƙarfen yana jan ta zuwa tsakiya da ƙarfin tsiya. Wanda ya sauke ta sannu a hankali yana kallo zai ga ta ɗan yi tsalle gefe a daidai lokacin da za ta kama.

Zan iya gyara saitin ƙarfen kamu da kaina?

Ana iyawa, muddin an tabbatar cewa ƙofar kanta tana zaune daidai a gurbinta. Noti biyu ne ke riƙe da ƙarfen, galibi masu kan tauraro irin na Torx, lamba T40 ko wadda ke kusa da ita, kuma suna ɗaure ne a wani faranti da ke iya ɗan motsawa a bayan ƙarfen jikin motar. Kafin a taɓa su, a zagaye gindin ƙarfen da alƙalami ko a manna tef, domin a san inda aka faro. Wannan ɗan aiki na minti ɗaya shi ne abin da aka fi tsallakewa, kuma rashinsa ne ke mayar da gyaran rabin sa'a ya zama na yini guda.

A sassauta notinan kaɗan, yadda ƙarfen zai motsa idan an ƙwanƙwasa shi amma ba zai zame da kansa ba. Kada a cire su duka biyu a lokaci guda, domin a wasu motoci farantin da ke baya yana iya faɗawa cikin jikin motar. A matsar da ƙarfen milimita ɗaya kacal, a ɗaure, a gwada. Idan ƙofar tana wahalar kamawa, ana matso da shi wajen da zai tarbi makullin da wuri. Idan tana rufuwa amma tana rawa, ana tura shi ciki don ya ƙara jan ta kan roba. Idan kuma tana gogar gefe ɗaya, ana matsar da shi dama ko hagu har ya shiga tsakiyar bakin makullin. A yi sauyi ɗaya a kowane gwaji, kuma a ƙarshe a ɗaure notinan da ƙarfin da littafin gyaran motar ya ƙayyade.

A nan ne ya kamata a yi gargaɗi. Aikin ƙarfen kamu shi ne ya riƙe ƙofar da ta riga ta sauka daidai. Wanda ya yi amfani da shi don jawo karkatacciyar ƙofa zuwa tsakiya zai samu ta rufu a ranar, amma ya ɗora wa makullin nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba, kuma bayan 'yan watanni ƙarar da wahalar buɗewa za su dawo.

Yaushe ne laifin ke komawa kan hinji?

Idan tazarar sama, tsakanin ƙofar da rufin mota, ta fi faɗi a gefe ɗaya, ko ƙofar gaba ɗayanta ta matsa dama ko hagu, ko gefenta na sama yana gogar rufin har fenti ya fara tashi, to maganar ta hinji ce. Ana gwada lalacewarsu ta hanyar buɗe ƙofar rabi, a kama ta ta ƙasa a girgiza; idan aka ji wasa ko ƙwanƙwasa a sama, ƙusar hinjin ta cinye, kuma saiti ba zai yi maganin wannan ba sai sauyawa.

Saitin hinji aikin mutum biyu ne aƙalla. Ana fara cire ƙarfen kamu don kada ya ja ƙofar ya ɓoye ainihin inda take sauka. Ana tokare ƙofar da sanda mai ƙarfi, a cire shok biyun, domin ko a rufe suna tura ƙofar, kuma da zarar an sassauta notinan hinji za su gusar da ita. Sai a yi wa hinjin alama, a sassauta, a daidaita ƙofar har tazara ta zo ɗaya a kowane gefe, a ɗaure. Bayan nan ne ake saita robobin tokari, ƙarfen kamu kuma ya zo a ƙarshe. Notinan da ke ɓangaren rufi sukan kasance a ƙarƙashin silin motar, kuma a kewaye suke da abin hana shigar ruwa, wanda dole a sabunta idan an fasa shi. Saboda nauyin ƙofar da gilashin da ke jikinta, wanda bai taɓa yin aikin ba gara ya bar wa fanal bita.

Shok ɗin but yana iya hana ƙofar rufuwa daidai?

Yana iyawa, ta hanyoyi biyu. A cikin kowane shok akwai iskar naitirojin da aka matse da ɗan mai, kuma ana rubuta ƙarfinsa a jikinsa da lamba mai harafin N a ƙarshe, kamar 450N ko 600N. Idan aka sa wanda ya fi na asali ƙarfi ko tsawo, ƙofar za ta yi wuyar saukewa, kuma a kwana a tashi matsin zai iya tura ta baya ko ya lanƙwasa wurin da aka ɗaure shi. Idan kuma ɗaya ya mutu ɗaya yana da rai, ƙofar za ta riƙa tashi da sauka a murɗe. Shi ya sa ake sauya su biyu tare, masu lamba ɗaya da tsawo ɗaya.

Ƙarfin gas ɗin yana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 a duk saukar zafi na digiri 10, saboda haka shok mai rauni ya fi nuna kansa da sanyin safiya, inda ƙofar kan zamo ta sauko kan mai ɗaukar kaya. Ba a shafa wa siririn sandan giris, ba a kama shi da filaya, domin ɗan karce ya isa ya yanke robar da ke tsare gas ɗin. Tsohon shok kuma ba a huda shi, ba a jefa shi cikin wuta.

Ƙofar a rufe take, amma tana ƙara a kan hanya mai gargada.

Yawanci robobin tokari ne suka shige da yawa ko suka cinye, ƙofar ta samu wurin yin rawa. A fito da su kaɗan-kaɗan har sai ƙofar ta zauna daram ba tare da ta yi wuyar rufuwa ba. Kafin a kai ga haka, yana da kyau a tabbatar ba lambar mota ce, ko jak da sifana da ke ƙarƙashin dardumar but, ke yin ƙarar ba.

Me ya sa dashbod ke nuna but a buɗe alhali na rufe shi?

Wani lokaci dashbod ɗin gaskiya yake faɗa: ƙofar ta tsaya a rabin kamu, kuma idan aka ja ta daga waje za a ji tana motsi. Idan ta kama sosai amma alamar ba ta mutu ba, akwai wani ɗan makunni a cikin makullin da ke sanar da kwamfutar mota, wanda datti ko ruwa kan lalata. Wuri na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne bututun robar da ke ɗauke da wayoyi daga rufin mota zuwa cikin ƙofar. Wayoyin nan suna lanƙwasawa duk lokacin da aka buɗe but, kuma bayan shekaru sukan tsinke a ciki. Idan waifar baya, fitilar lamba ko na'urar ɗumama gilashi suna aiki yau su ƙi gobe tare da wannan alama, a zame robar a duba wayoyin kafin a sayi komai. Bai kamata a yi sakaci da alamar ba, domin motar da ke ganin but a buɗe takan bar fitilar ciki a kunne har batir ya mutu, wata kuma ta ƙi kulluwa da rimot.

Ƙofata mai aiki da lantarki ce, tana saukowa sai ta yi ƙara ta koma sama.

Irin wannan ƙofa an tsara ta ne ta juya da zarar ta ji turjiya, don kada ta matse hannu ko kan yaro. Tana gane turjiyar ta siraran robobi masu ji da ke gefenta, da kuma nauyin da injin lantarkin da ke sarrafa ta ke ji yayin saukewa. Don haka duk abin da aka ambata a sama, daga kayan da suka tokare har zuwa ƙarfen kamu da ya goce, zai iya sa ta ɗauka cewa ta ci karo da mutum. A makullinta akwai wani ƙaramin injin lantarki na daban da ke jan ƙofar daga rabin kamu zuwa cikakke. Idan ƙofar tana isowa ƙasa amma ba a jin wannan jan na ƙarshe, can ne za a duba, tare da fis ɗinsa.

Raunin batir ma yana rikita ta, haka nan bayan an cire batir wasu motoci kan manta iyakar buɗewa da rufewa. Da yawansu suna sake koyo idan aka rufe ƙofar da hannu a hankali har ta kama, sannan a bar ta ta buɗe ta rufe da kanta sau ɗaya, amma matakan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma suna cikin littafin mai mota. Fizgar ta da ƙarfi tana cikin tafiya yana lalata giyar da ke cikin sandunanta.

Motar a-kori-kura da jif mai safaya a ƙofa fa?

Ƙofar a-kori-kura makulli biyu gare ta, ɗaya a kowane gefe, kuma siraran sanduna ne ke haɗa su da hannun da ke tsakiya. Idan gefe ɗaya ya kama ɗaya ya ƙi, galibi ɗan maƙalin roba da ke riƙe sandan ne ya karye, ko yashi da tsakuwa sun cika ƙasan ƙofar, ko kuma bangon bodin ya buɗe saboda kaya masu nauyi. A riƙa duba igiyoyin ƙarfen da ke riƙe ta idan an kwantar da ita, domin tsatsa kan ci su a ƙarƙashin robar da ta rufe su. A 2004 kamfanin General Motors ya janye motocin a-kori-kura kusan miliyan 4 saboda wannan matsala, ya sauya igiyoyin da na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Jif ɗin da ƙofarsa ke buɗewa gefe, kamar Pajero, Jimny da tsofaffin RAV4, matsalarsa sunkuyawa ce, domin nauyin safaya yana rataye a kan hinjin dare da rana, kuma sa taya da ta fi ta asali girma yana gaggauta lalacewar. Idan sai an ɗan ɗaga ƙofar kafin ta kama, a cire tayar a gwada; bambancin da za a gani shi zai nuna yawan wasan da ke cikin hinjin.

Ruwa da ƙura suna shiga but. Saiti ne ko roba?

Takarda za ta raba gardama. A sa tsinken takarda a kan robar, a rufe ƙofar a kansa, a ja. Inda ta fito da ɗan turjiya, robar tana matsewa. Inda ta zare salin-alin, akwai rata. A zagaye ƙofar da wannan gwaji. Idan ratar tana gefe ɗaya gaba ɗaya, saiti ne, idan kuwa a wuri guda ne da robar ta tsage ko ta lotse, robar ce. Idan takardar ta kama ko'ina amma ruwa bai daina ba, a duba bayan fitilun baya, fitilar birki ta sama, gindin hinji da tagogin fitar da iska. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya zuba ruwa daga ƙasa yana hawa sama a hankali.

Akwai haɗari idan na ci gaba da tuƙi a haka?

Akwai, kuma ba ƙarami ba ne. Mota mai tafiya tana barin wani gurbi mai ƙarancin matsin iska a bayanta, inda hayaƙin salansa ke taruwa yana juyawa, kuma duk wata kafa a ƙofar baya tana iya zuƙo shi ciki. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana fara wa mutum da ciwon kai, jiri da barci, tana kuma kisa. Yaran da ke kujerar baya su ne mafi kusa da ita. Idan dole ce ta sa a yi ɗan gajeren tuƙi da ƙofar da ba ta kama ba, a ɗaure ta da igiya mai ƙarfi, a rufe tagogi, a kunna fanka da ƙarfi tana jawo iskar waje ta gaba, kamar yadda littattafan motoci da yawa suka yi umarni.

Haɗari na biyu shi ne buɗewar ƙofar lokacin karo. A 1995 kamfanin Chrysler ya amince ya sauya makullan ƙofar baya na miliyoyin motocinsa na iyali a Amurka, bayan binciken hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar kan rahotannin ƙofofin da suka buɗe a haɗari har fasinjoji suka faɗo waje. Ƙofar da ta tsaya a rabin kamu ba ta da ƙarfin wadda ta kama sosai.

Wane mai ya dace da makulli, hinji da roba?

Makulli ana fara wanke shi ne da feshin da ke narkar da datti, irin su WD-40, a motsa haƙorin sau da yawa, a goge, sannan a sa farin giris kaɗan, domin feshin shi kaɗai ba ya daɗewa. Giris mai yawa tarkon ƙura ne. Hinji yana son ɗigon mai ko giris na feshi. Roba kuwa silikon kawai ake shafa mata bayan an wanke ta da ruwa da sabulu; baƙin mai da giris na fetur suna kumbura ta su ruɓar da ita. Yin haka sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

An bugi motata ta baya, bamba ba ta nuna komai ba, amma tun ranar but ya ƙi zama daidai.

Bambar roba takan lotsa ta dawo kamar ba abin da ya faru, alhali ƙarfen da ke bayanta, wanda ƙarfen kamu ke ɗaure a kansa, ya shige ciki. A ɗaga dardumar but a duba ramin safaya da kusurwoyi, a nemi wurin da ƙarfe ya tattare, fenti ya tsage, ko abin like haɗin ƙarfe ya buɗe. Ana kuma auna bakin but ɗin a gicciye da tef, daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan akasin haka, daga wurare masu kama da juna. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, bakin ne ya murɗe. A wannan hali matsar da ƙarfen kamu ko hinji ɓoye ɓarnar kawai zai yi, kuma zai iya raunana hujjar mai mota a wajen kamfanin inshora. A ɗauki hoton tazarar kowane gefe da ramin safaya kafin kowa ya taɓa noti, sannan a kai motar wurin da ke da injin ja da awon jikin mota, a mayar da ƙarfen inda yake tukuna kafin a saita ƙofar a kansa.